Faya-fayan Oliver Nelson da aka sake fitarwa: wanne zan sa a sayo mini?

Ɗan Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawan wannan zaure da sauran ƴan'uwa masu sauraron kiɗan jaz, waɗanda na san ba mu da yawa a cikin birnin Kano, amma dai muna nan. Tambayata ta shafi ayyukan Oliver Nelson, Ba'amurken nan mabushin saksofon wanda ya yi suna wajen tsara kiɗa ga manyan ƙungiyoyin mabusa, wanda aka haifa a birnin Sen Luwis a 1932, ya kuma rasu a Los Anjalis a 1975 yana da shekara 43.

Yayana da ke karatu a Ingila zai zo gida hutu, ya ce in faɗi tsarabar da nake so, sai na roƙe shi ya duba mini faya-fayan wannan mutum. Ya aiko mini da hotunan abubuwa biyu da ya gani a wani shago. Na farko kwali ne mai ɗauke da faya-fayan CD huɗu, an zuba kundi takwas a cikinsu, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Na biyu faifan garmaho ne guda ɗaya tak, sabon bugu na The Blues and the Abstract Truth, amma kuɗinsa ya ninka na kwalin nan gaba ɗaya, alhali shi ma wannan kundin yana cikin takwas ɗin da ke kwalin.

Abubuwa biyu ne suka ɗaure mini kai. Da na duba jerin abin da ke cikin kwalin, sai na ga duk an naɗe su ne tsakanin 1959 da 1962, babu ko ɗaya da ya wuce nan, alhali mutumin ya ci gaba da aiki har shekarar da ya rasu. Sannan sunan kamfanin da ke jikin kwalin ba Prestige ba ne, ba kuma Impulse! ba ne, waɗanda na san su ne suka fitar da kundayen tun farko. Shin wannan kwali satar fasaha ce irin wadda muka saba gani a kasuwanninmu, ko kuwa halattaccen kaya ne? Idan halattacce ne, mene ne dalilin da zai sa mutum mai hankali ya bar kundi takwas ya ɗauki ɗaya a kan kuɗin da ya fi yawa? Abin da na fi so in ji shi ne aikinsa na tsara kiɗa ga babbar ƙungiya, don haka ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan fage. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka yi kyakkyawan lura, domin tsayawar da kundayen suka yi a 1962 ba haɗari ba ne, kuma a cikinta amsar tambayarka ta farko take. Na yi shekaru masu yawa a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo kafin in ajiye aiki, saboda haka zan yi maka bayani ta fuskar da na sani, wato inda sauti yake fitowa da kuma wanda ya mallake shi.

Kwalin nan ba na sata ba ne a idon dokar ƙasar da ake sayar da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai, har da Ingila a lokacin da take ciki, haƙƙin mallakar sautin da aka naɗa yana ƙarewa ne bayan shekara 50 da fitowarsa. A 2011 aka amince da ƙara wa'adin zuwa shekara 70, ƙarin ya fara aiki a watan Nuwamba na 2013, amma bai koma baya ya ceto waɗanda wa'adinsu ya riga ya cika ba. Sakamakon haka, duk faifan da ya fito kafin shigowar 1963 ya zama kowa yana iya sake buga shi a can ba tare da neman iznin kamfanin asali ba, sai dai a biya haƙƙin wanda ya rubuta kiɗan, wanda shi lissafinsa daban yake. Duk abin da ya fito daga 1963 zuwa sama kuwa yana nan a kulle a hannun masu shi. A Amurka lamarin ya sha bamban, domin dokar da suka yi a 2018 ta ba sautukan wancan zamani kariya har zuwa 2067, shi ya sa irin waɗannan kwalaye daga Turai suke fitowa. Ka ga ke nan ba masani ne ya zauna ya zaɓo maka kundi takwas mafi kyau ba, kalandar doka ce ta yi zaɓen.

Sai batun abin da za ka ji da kunnenka. Doka ta ba su damar kwafar sautin, amma ba ta ba su mabuɗin ɗakin da aka ajiye tef na asali ba. Ranar 23 ga Fabrairu, 1961, aka naɗi The Blues and the Abstract Truth a ɗakin naɗar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey, ƙarƙashin kulawar Creed Taylor, kuma zaren tef ɗin da ya ɗauki sautin a wannan rana shi ne tushe. Duk bugun da aka yi da iznin masu kamfani daga wannan tef yake fitowa ko daga kwafinsa na kusa. Su kuwa masu kwalayen araha sukan kwafo ne daga wani CD da ya riga ya fito, ko daga tsohon faifan garmaho. Wanda ya kwafo daga CD mai kyau bai taɓa komai ba, sautinsa yakan fito lafiya lau, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai irinsu da yawa. Matsalar tana wajen wanda ya kwafo daga tsohon faifai ya bi shi da na'urar goge ƙaraf-ƙaraf ɗin allura, domin na'urar ba ta bambance ƙarar datti da shesshekar farantan ƙarfe na mai ganga, sai ta haɗa ta share su tare, kiɗan ya fito kamar an rufe shi da bargo. Wasu kuma sukan ƙara wa sautin ƙarfi baki ɗaya don ya cika kunne, ta yadda wurin da aka busa a hankali da wurin da aka busa da ƙarfi za su zama kusan ɗaya. Ba ka da hanyar sanin wanda ka samu sai ka saya ka saurara, tunda ba kasafai suke rubuta inda suka samo sautin ba.

Akwai kuma abin da ake rasawa wanda ba na kunne ba. Nelson da kansa ya rubuta bayanin da ke jikin wancan kundi, inda ya faɗi yadda ya gina kiɗe-kiɗen, kuma kwalayen araha sukan taƙaita ne ga jerin sunaye a ƴar takarda. Kundin bai wuce minti 37 ba, shi kuwa CD yana ɗaukar kusan minti 80, shi ya sa ake cusa kundi biyu a faifai ɗaya, sai ka ji an gama wannan an faɗa wancan ba tare da ka san an canza ranar naɗi da mabusa ba.

Idan kana son bugun da ya fito ta hannun masu shi, ga yadda gadon ya rabu. Kamfanin Fantasy ya sayi Prestige a 1971, shi ne kuma ya riƙa sake fitar da tsofaffin kundayensa a jerin da ake kira Original Jazz Classics tun daga shekarun 1980, sannan Concord ya sayi Fantasy a 2004. A nan za ka sami Meet Oliver Nelson na 1959, da Screamin' the Blues na 1960, da Straight Ahead wanda aka naɗa ranar 1 ga Maris, 1961, kwana shida kacal bayan wancan babban kundi, tare da Eric Dolphy mai saksofon da Roy Haynes mai ganga a duka kundayen biyu na 1961. Kamfanonin Impulse! da Verve da Argo kuwa duk sun ƙare a hannun kamfanin Universal. Wannan haɗuwa a gida ɗaya ita ta sauƙaƙa wa kamfanin Mosaic, wanda sana'arsa ita ce karɓar izni ya tattara ayyukan mutum cikin tsari, ya fitar da kwali mai CD shida a 2006 na ayyukan Nelson da babbar ƙungiya daga waɗannan kamfanoni uku. Wannan kwali shi ne ainihin amsar abin da ka ce kana nema, sai dai Mosaic adadi ƙayyadadde yake bugawa, idan ya ƙare ya ƙare, saboda haka sai dai a same shi a hannun wanda ya saya yake son rabuwa da shi, kuma ba a sayar da shi da arha.

Wani abu da ya kamata ka sani shi ne gobarar da ta tashi a rumbun ajiya na Universal a Los Anjalis ranar 1 ga Yuni, 2008. Jaridar New York Times ta ba da rahoto a 2019 cewa tef na asali masu ɗimbin yawa sun ƙone a cikinta, har da na kamfanonin jaz, shi kuwa kamfanin ya musanta girman ɓarnar da aka faɗa. Tun daga lokacin masu saye suka ƙara matsa wa kamfanoni lamba su bayyana tushen kowane sabon bugu, kuma bugun da ya amsa sunansa yakan rubuta sunan injiniyan da ya tace sautin da abin da ya yi aiki da shi. Ka ce wa yayanka ya juya bayan faifan garmahon nan ya ɗauko maka hoton rubutun da ke ƙasa.

Mabushin Badujala ya amsa:

Salamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar ta fuskar doka da tushen sauti, ni kuma zan ɗora daga inda ka tsaya a matsayina na wanda ya yi zaman busa a cikin sahu, yana karanta abin da wani ya rubuta masa.

Ƙanena, kafin ka kashe kuɗin yayanka, ya kamata ka san abin da kake nema a cikin faifan mai tsara kiɗa, domin ba iri ɗaya ba ne da abin da ake nema a faifan gwanin busa. Cikakkiyar babbar ƙungiyar jaz takan ƙunshi masu saksofon biyar, da masu tirampet huɗu, da masu turombon huɗu, sai mai fiyano da mai bes da mai ganga, wani lokaci da mai jita, wato mutum 16 ko 17. Aikin mai tsarawa shi ne ya rubuta wa kowane ɗaya daga cikinsu muryar da zai riƙe, ya yanke wa zai hau sama, wa zai zauna a ƙasa, yaushe masu saksofon za su yi kira masu tirampet su amsa, yaushe kuma kowa zai yi shiru a bar mutum ɗaya. Matsayinsa kamar na mai zana aiki ne a jikin babbar riga kafin a miƙa wa masu ɗinki: idan an gama ba a ganin alƙalaminsa, amma duk inda allura ta bi shi ya shata. Saboda haka gwanintarsa tana cikin muryoyin tsakiya da na ƙasa, waɗanda su ne farkon abin da ke ɓacewa a sauti mara kyau.

Ka ɗauki Stolen Moments, kiɗan farko a cikin The Blues and the Abstract Truth. Mutum bakwai ne kawai a ɗakin: Freddie Hubbard da tirampet, Eric Dolphy da saksofon alto da sarewa, Nelson da kansa, George Barrow da saksofon bariton, Bill Evans a fiyano, Paul Chambers a bes, Roy Haynes a ganga. Mabusa huɗu ne ke nan, amma yadda ya jera muryoyinsu kusa da juna yakan sa wanda bai sani ba ya rantse sun kai goma. George Barrow bai yi busar kaɗaici ko sau ɗaya ba a duk kundin, aikinsa shi ne ya riƙe gindin sautin daga ƙasa, kuma idan ka saurara ta lasifikar waya ko ƙaramar rediyon Bluetooth ba za ka san ma yana nan ba. Idan ba ka ji shi ba, to rabin hikimar Nelson ce ta wuce ka. Ni da wannan nake gwada kowane bugu: idan ina iya bin muryar bariton daga farkon jigon zuwa ƙarshensa, bugun ya ci jarrabawa. Ka kuma lura da busar Nelson shi kansa a wannan kiɗa, wadda ta zo bayan ta Hubbard da sarewar Dolphy. Su biyun sun yi gudu sun nuna bajinta, shi kuwa ya zo a natse yana ɗora gajerun jimloli ɗaya a kan ɗaya, yana maimaita siffa guda a matakai daban-daban, busar mutumin da ke tunanin gini ko da a lokacin da yake ƙirƙira nan take.

Inda zan ɗan saɓa wa Baba shi ne a kan cewa kwalin Mosaic ya wadatar. Kaso mai yawa na aikin Nelson a matsayin mai tsarawa ba da sunansa ya fito ba, da sunan waɗanda ya yi wa aiki ya fito, don haka wanda ya tsaya neman faifai mai sunansa a gaba kawai zai rasa abubuwa da dama. Shi Stolen Moments ɗin ma an fara naɗarsa ne a 1960 a cikin Trane Whistle, kundin Eddie "Lockjaw" Davis da babbar ƙungiya, kuma jin bugun biyu a jere darasi ne a kan yadda mutum ɗaya yake rarraba kiɗa guda ga mutane da yawa sannan ya matse shi ga kaɗan. Shi ya tsara ɓangaren babbar ƙungiya a kundin Bashin' na Jimmy Smith mai kaɗa ogan a 1962, wanda ya yi kasuwa sosai, daga nan kuma kamfanoni suka yi masa caa. Shi ya tsara wa Wes Montgomery mai kaɗa jita kundin Goin' Out of My Head, ya yi aiki a kundin da ya haɗa Smith da Montgomery a 1966, a shekarar kuma ya tsara wa Sonny Rollins kundin Alfie. Waɗannan duk ana samun halattaccen bugunsu cikin sauƙi fiye da kwalin Mosaic, domin sunayen masu su suna sayar da kaya. A cikin nasa na kansa, Full Nelson na 1963 da Fantabulous na 1964 da Sound Pieces na 1966 su ne zan fara nuna maka, kuma babu ɗayansu da zai shiga kwalin araha saboda dalilin da Baba ya bayyana.

Ka yi hattara da kundin 1964 mai suna More Blues and the Abstract Truth. Sunan yana sa mutane su zaci ci gaban na farko ne da mutanen farko, alhali sabuwar tawaga ce, da Thad Jones da Phil Woods da Pepper Adams, da Ben Webster a wasu kiɗe-kiɗen, kuma Nelson bai busa ko kaɗan a cikinsa ba, tsarawa da jagoranci kawai ya yi. Kundi ne mai kyau, amma bai kai na farko ba.

Ba kuma zan ce maka duk abin da ya taɓa zinariya ba ne. Bayan ya koma Los Anjalis a 1967 ya shiga rubuta kiɗan shirye-shiryen talabijin, irin su Ironside da The Six Million Dollar Man, aiki ya yi masa yawa, kuma a wasu ayyukan na wancan lokaci ana jin hannun gwani da ke sauri. Kundin Monk's Blues na 1968, inda ya tsara wa Thelonious Monk mai fiyano, a ganina haɗi ne da bai dace ba, domin kiɗan Monk yana son sarari da gaɓoɓi masu kaifi, shi kuwa Nelson ya cike sararin ya goge kaifin. Akwai masu son sa, amma ni ba zan sa a ɗauko mini shi daga Ingila ba.

Maman Ilham ta amsa:

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga Baba da Malam mabushi. Ni magana ɗaya zan ƙara wadda ba a taɓo ba, ita ce garin da faifan zai zo ya zauna. Na gaji faya-fayan garmaho daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, kuma na ga abin da zafin Kano yake yi musu. Roba ce, idan aka bar ta a mota ko a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu sai ta lanƙwashe, kuma faifan da ya lanƙwashe da wuya ya koma daidai. Dole a jera su a tsaye, ba a kwance wani kan wani ba, a ɗakin da rana ba ta dukansa. Idan hunturu ya shigo kuma ƙura ce za ta cika layukan da allura take bi, ga bushewar iska da ke sa faifan ya riƙa jawo ƙurar da kansa, ta yadda sabon bugun da aka biya kuɗi mai yawa saboda tsabtar sautinsa zai koma yana ƙaraf-ƙaraf kamar tsoho idan ba a goge shi kafin kowane sauraro.

Sannan, ƙanena, ba ka faɗa mana ko kana da garmahon ba. Idan za a haɗo maka da shi, gara na Ingila, domin wutarsu irin tamu ce, volt 230 da zagaye 50 a daƙiƙa, saɓanin ta Amurka mai volt 120 da zagaye 60. Garmahon da injinsa yake bin zagayen wuta kai tsaye yakan canza gudu idan an kunna shi da janareta, sai ka ji muryar saksofon tana hawa tana sauka. Allura mara kyau kuma tana cinye faifai. Idan ba ka da waɗannan kaya a shirye, kuɗin faifan nan ɗaya zai sayo maka halattattun CD da dama na hannu, masu tambarin Impulse! ko Verve ko Original Jazz Classics, waɗanda ake samu da arha a shagunan tsofaffin kaya a Ingila, kuma CD ya fi jure yanayinmu. Ka fara sauraron kundayen da Malam ya lissafa ta intanet da abin sauraro na kunne mai kyau, ka ware waɗanda suka kama ka, sannan ka tura wa yayanka sunayensu.

Ɗan Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Malam, da Yaya Maman Ilham, Allah ya bar zumunci. Ba ni da garmaho, na'urar CD ce da ni da lasifika biyu masu ɗan dama, saboda haka na fahimci inda shawarar ta dosa. Saura tambaya ɗaya. A cikin kwalin arahar na ga wani kundi mai suna Afro/American Sketches, na kuma ji an ce Nelson ya taɓa zuwa Afirka. Shin wannan kundi sakamakon zuwan nasa ne, kuma akwai abin da kunnen Bahaushe zai gane a ciki?

Malamin Tarihi daga Kabuga ya amsa:

Salamu alaikum. Malam, kundin ya riga tafiyar da shekara takwas. An naɗi Afro/American Sketches a ƙarshen 1961 ya fito a Prestige a 1962, shi ya sa ya samu shiga kwalin, kuma shi ne kundin farko da Nelson ya jagoranci babbar ƙungiya da sunansa. Zuwansa Afirka kuwa a 1969 ne, lokacin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki nauyinsa da ƙungiyar mutum bakwai suka zaga wasu ƙasashen nahiyar. Wannan ma'aikata ta daɗe tana aika makaɗan jaz ƙasashen duniya a zamanin yaƙin cacar baka don gyara sunan Amurka, musamman a kan batun wariyar launin fata, kuma a irin wannan zagaye ne Louis Armstrong ya zo Nijeriya a 1960 har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna.

Game da abin da za ka ji, kada ka shiga kundin da tsammanin kalangu ko kotso ko algaita. Kiɗa ne mai sassa bakwai da ke bin labarin baƙar fatar Amurka tun daga kamo su a Afirka, zuwa bauta, zuwa ƴantawa, zuwa ƙaura arewacin Amurka da ɓacin ran da suka tarar a can. Afirkar da ke farkonsa Afirka ce da Ba'amurke ya hango daga nesa, kuma gangunan hannu da ake ji a ciki Ray Barretto ne yake kaɗa su, wanda tushen kiɗansa na yankin Karibiyan ne. Kunnen da ya tashi da jin ganga tana magana zai ji wannan ɓangare bai yi zurfi ba, kuma ina ganin gaskiyarsa ce. Ƙarfin kundin yana farawa ne daga inda labarin ya isa Amurka, a sashen Emancipation Blues, inda ya ɗauko salon waƙoƙin cocin baƙar fata ya rarraba shi ga mabusan ƙarfe, domin a nan yana magana ne a kan abin da ya sani tun yana yaro a Sen Luwis. Tunda Prestige ne ya fitar da shi, akwai halattaccen bugunsa a jerin Original Jazz Classics, ba sai ka sayi kundi takwas saboda shi ba.

Wanda ya biyo bayan tafiyar shi ne Black, Brown and Beautiful, da aka naɗa a 1969 don tunawa da Martin Luther King wanda aka kashe a watan Afrilu na 1968. Ya fito ne a Flying Dutchman, kamfanin da Bob Thiele ya kafa bayan ya bar Impulse!, saboda haka ba ya cikin kwalin araha kuma ba ya cikin na Mosaic, sai an neme shi shi kaɗai. Kundi ne mai nauyi, wasu sassansa sun fi kusa da kiɗan gargajiyar Turai na zamani fiye da jaz, wanda ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya karanci tsara kiɗa a jami'a bayan ya gama aikin soja. Ban ba ka shawarar ka fara da shi ba, amma idan yayanka ya ci karo da shi ya ɗauko, domin ya fi na Impulse! wuyar samu.

Ka kuma gargaɗe shi a kan wani kundi mai suna Stolen Moments kawai, kada ya zaci shi ne na 1961. Wannan a 1975 aka naɗe shi, watanni kaɗan kafin rasuwar Nelson a watan Oktoba, kamfanin East Wind na Japan ne ya fitar da shi, kuma mabusan da ke ciki mutanen Los Anjalis ne, babu Hubbard babu Dolphy, wanda shi ya rasu tun 1964. Idan zai tura maka hoto, ka ce ya haɗa da bayan kwalin inda aka rubuta shekarar naɗi da sunayen mabusa.